Darasi na Bakwai: Nemo Farashi a Jerin da Ba a Tsara Ba

Mai shago ba ya rubuta kayansa bisa tsarin abacada. Abin da aka fara saukewa daga mota shi ake fara shigarwa: yau sukari, gobe gero, jibi man gyaɗa. Haka jerin zai zauna a Excel a cakuɗe, kuma wannan ba laifi ba ne.

Mu ce sunayen kaya suna layin A, farashi yana layin B, daga gida na 2 zuwa na 60. Ku rubuta gero a gidan D2, sannan a E2 ku sa wannan fomula:

=VLOOKUP(D2,A2:B60,2,FALSE)

Kun ce wa kwamfuta ke nan: ɗauki sunan da ke D2, nemo shi a layin farko, kawo abin da ke gefensa a layi na biyu.

Kalmar ƙarshen nan, FALSE, ita nake roƙon kada ku taɓa mantawa. Da ita, kwamfuta ba za ta karɓi komai ba sai sunan da kuka nema daidai. In ba ku sa ta ba, sai kwamfuta ta ɗauka jerinku a tsare yake, ta riƙa tsallake-tsallake, ta kawo na kusa. Tana iya miƙo muku kuɗin gishiri a madadin na gero, ba tare da wani gargaɗi ba, ku kuwa ku sayar da buhu a kan asara. Sifili, wato 0, yana yin aikin FALSE.

Idan #N/A ya fito, kada hankalinku ya tashi, ba a ga sunan ba ne kawai. Sau da yawa ɗan fili ne ya maƙale bayan kalma, ido ba ya ganinsa. Fomular TRIM na share shi. Sunan da aka shigar sau biyu kuwa, na sama kaɗai za a kawo.

VLOOKUP gefen dama kawai yake dubawa. In farashi na layin A, sunaye na B, sai ku haɗa fomula biyu, INDEX da MATCH:

=INDEX(A2:A60,MATCH(D2,B2:B60,0))

Masu Excel 2021 suna da XLOOKUP, wanda ba ruwansa da dama ko hagu. 'Yan'uwanmu na Nijar masu Excel na Faransanci, RECHERCHEV da FAUX za su rubuta, su raba sassan da alamar ; maimakon waƙafi.

Aikin gida: ku shigar da kaya goma a cakuɗe, ku nemo farashin uku da FALSE, sannan ku goge ta ku kwatanta amsoshin.