Kurakuran da aka fi yi wajen jin ta bakin malamai kan aikinsu, da yadda za a gyara su

Duk wanda ya taɓa zama a ofishin malamai ranar da aka kawo takardun jin ra'ayi ya san yadda abin yake gudana. Shugaban makaranta yakan shigo da su a hannu, ya raba wa kowa tasa, ya ce a cika a mayar masa kafin a tashi domin waɗanda suka aiko suna jira. Malamin da yake da darasi nan da minti goma zai ɗora takardar a kan tarin littattafan da bai gama dubawa ba, ya bi ta da biro yana sa alama a gurbin "na yarda" tun daga sama har ƙasa, ya miƙa ta, ya ɗauki allinsa ya nufi aji. Bayan wasu watanni sai a fitar da rahoto cike da alƙaluma yana cewa mafi yawan malamai sun gamsu da yanayin aikinsu. Babu wanda ya yi niyyar yin ƙarya a cikinsu, amma rahoton ya lalace tun kafin a fara ƙidaya, kuma a kansa za a gina shawarwarin da za su shafi albashi, horo da rabon malamai.

Kuskuren da ya fi kowanne illa shi ne wanda aka gani a nan, wato bin ta hannun shugaba wajen raba takardu da karɓarsu. Malamin da ya san cewa amsarsa za ta ratsa ta teburin mutumin da yake rubuta rahoton ƙwazonsa, wanda kuma yake da ta cewa a kan ƙarin girmansa ko canza masa wurin aiki, ba zai rubuta cewa ba a sauraron malamai a makarantar ba, ko da kuwa abin yana cin ransa kullum. Gyaran yana da sauƙi idan an tanade shi tun farko. Wani daga wajen makarantar ya kawo takardun, kowane malami ya sa tasa a ambulan ya manne da kansa, a jefa a akwati guda, a tafi da akwatin a ranar. Idan ta intanet za a yi, a ba kowa lambar shiga wadda aka raba ta hanyar ƙuri'a, yadda babu wani jerin da ya haɗa lamba da suna.

Sai dai cire suna kaɗai ba ya isa, kuma a nan ne masu kyakkyawar niyya da yawa suke tuntuɓe. A makarantar da take da malamai goma sha biyu, idan takarda ta tambayi jinsi, da darasin da ake koyarwa, da shekarun da aka yi a aiki, to malama ɗaya tilo mai koyar da lissafi wadda ta shekara ashirin tana aiki ta riga ta rubuta sunanta ba tare da ta rubuta shi ba. Na taɓa ganin wata malama ta karanta shafin farko na irin wannan takarda, ta tsaya a kan tambayar darasi, ta ɗaga kai ta dubi abokan aikinta, sannan ta tsallake duk sashen da ya shafi shugabanci ba ta sa alama ko ɗaya ba. Ba ta ce komai ba, amma kowa a ɗakin ya gane dalili. Saboda haka a rage irin waɗannan tambayoyi zuwa iya waɗanda ake bukata, a haɗa shekarun aiki a rukuni masu faɗi, kuma a yi alkawari a rubuce cewa ba za a fitar da sakamakon wani rukuni mai 'yan mutane ƙalilan ba. Jihar Karolina ta Arewa a Amurka, wadda take binciken yanayin aikin malamanta tun 2002, ta daɗe tana bin ƙa'idar cewa ba a fitar da sakamakon makaranta sai aƙalla mutum biyar sun amsa, kuma sun kai kashi 40 cikin ɗari na malaman makarantar. Sharaɗin farko yana kare malami, na biyu kuma yana hana a ɗauki maganar tsiraru a matsayin ta kowa.

Kuskure na gaba yana faruwa tun a zaman tsara takardar, lokacin da aka fara rubuta tambayoyi ba a tsayar da shawarar da ake son yankewa ba. Kowane sashe na ma'aikata yakan so a saka masa nasa, har takardar ta kai shafi goma sha biyu, kuma malamin da ya fara amsawa da natsuwa yakan gaji kafin ya kai tsakiya. Maganin wannan shi ne a tsaya a kan kowace tambaya a ce: idan amsa ta zo haka, me za mu yi, idan kuma ta zo akasin haka, me za mu yi? Tambayar da ba a iya faɗin abin da za a yi da amsarta ba, a cire ta, ko da tana da daɗin ji.

Daga nan sai lafazin tambayoyin kansu, inda kurakurai suka fi yawa kuma suka fi wuyar ganewa ga wanda ya rubuta su. Akwai tambaya mai harshen damo, kamar a ce: "Shugaban makarantata yana da adalci kuma yana ba ni goyon baya." Malamin da shugabansa yake da adalci wajen rabon darussa amma bai taɓa leƙa ajinsa ba, me zai amsa? Duk abin da ya zaɓa, mai nazari ba zai san wane rabin jimlar ya amsa ba, don haka a raba ta biyu. Akwai kuma tambayar da take ja wa mutum amsa, kamar wadda ta fara da cewa "Ganin irin ƙoƙarin da hukuma take yi wajen horar da malamai", domin bayan wannan gabatarwa mutum mai kunya ba zai iya cewa horon bai amfane shi ba. Haka nan kalmomi irin su "sau da yawa" ko "a kai a kai" ba su da ma'auni ɗaya a zukatan mutane, wani sau biyu a zango yake nufi, wani kuma sau biyu a mako. Ya fi kyau a tambayi malami sau nawa wani ya zauna a ajinsa ya kalli darasinsa a zangon da ya wuce, ya kuma faɗa masa abin da ya gani. Sannan idan duk jimlolin takarda an tsara su a kan yabo, sai mai amsawa ya saba da gefe guda ya daina karantawa, shi ya sa tambaya kai tsaye mai zaɓin amsoshi daban-daban takan fi jerin "na yarda, ban yarda ba" amfani.

Batun sa'o'in aiki ya cancanci a daɗe a kansa, domin shi ne abin da malamai suka fi kokawa a kai, kuma shi ne aka fi tambaya ba daidai ba. Idan aka ce wa malami "Awa nawa kake aiki a mako?", wani zai ƙirga darussan da suke kan jadawali kawai, wani zai haɗa da tsara darasi da duba jarrabawa da yake yi a gida da dare, wani kuma zai tuna makon da ya fi wahala a shekara ya ba da shi. Binciken TALIS, wanda OECD, ƙungiyar ƙasashe ta haɗin gwiwar tattalin arziki da ci gaba, take gudanarwa tun 2008 kan koyarwa da yanayin aikin malamai, ya kauce wa wannan ta hanyar tambaya a kan cikakken mako na baya-bayan nan, tare da rarraba aikin: koyarwa, tsara darasi, duba ayyukan ɗalibai, ayyukan ofis, ganawa da iyaye da sauransu. A zagayen 2018, wanda ya ƙunshi malamai kusan 260,000 daga makarantu kusan 15,000 a ƙasashe da yankuna 48, malaman ƙaramar sakandare a ƙasashen ƙungiyar sun ba da matsakaicin kusan awa 39 a mako, kuma kusan 21 ne kawai a cikinsu suke tafiya a koyarwa. Malaman Japan kuwa sun ba da awa 56. Da a ce an tambayi sa'o'in aji kaɗai, da kusan rabin aikin malami ya ɓace daga lissafi. Binciken yana da wata dabara da ta dace a koya: idan zai yi tambaya a kan abin da yake faruwa a cikin aji, yakan ce malami ya amsa a kan ajin farko da ya koyar bayan ƙarfe 11 na safiyar Talatar da ta wuce, domin kada kowa ya zaɓi ajin da ya fi so ko wanda ya fi ba shi ciwon kai.

Kafin a buga takarda da yawa, a zaunar da malamai biyar ko shida su cika ta suna faɗin abin da suka fahimta da kowace tambaya. Rabin yini ya isa, kuma kusan kullum yakan tono kalmar da ofis yake amfani da ita da wata ma'ana, malamai kuma da wata. Idan za a fassara takardar zuwa wani harshe, a sake wannan gwaji da fassarar ita ma.

Akwai kuma ruɗin yawa. Yanzu da ake iya tura takarda ta WhatsApp cikin minti ɗaya, mutum yakan ga amsoshi dubu uku sun shigo ya ɗauka ya ji ta bakin malamai. Alhali waɗanda suka amsa su ne masu waya mai kyau da intanet mai ƙarfi, da waɗanda abin ya fi ƙona wa rai, yayin da malamin makarantar karkara mai nisa, wanda watakila shi ne yake cikin hali mafi tsanani, bai ma san an yi ba. Tarihi ya riga ya koyar da wannan darasi. A 1936 mujallar Literary Digest ta Amurka ta aika takardu kusan miliyan 10 don hasashen zaɓen shugaban ƙasa, fiye da miliyan 2 suka dawo, ta ce Alf Landon ne zai yi nasara, sai ga shi Franklin Roosevelt ya lashe jihohi 46 cikin 48. Sunayen da ta tura wa takardu ta samo da yawansu ne daga littattafan lambobin tarho da rajistar motoci, kuma waɗanda suka ga damar mayar da amsa ba su wakilci sauran jama'a ba. Abin da ya kamata shi ne a fara da cikakken jerin makarantu, a zaɓa ta hanyar ƙuri'a, sannan a bi waɗanda aka zaɓa har su amsa. TALIS yakan zaɓi makarantu 200 a kowace ƙasa da malamai 20 a kowace makaranta, yana kuma neman kashi 75 cikin ɗari su amsa. A 2013 Amurka ba ta cika wannan sharaɗi ba, sai aka ware alƙalumanta daga matsakaicin ƙasashe. A jerin da za a zaɓa daga ciki kada a manta da malaman wucin gadi da masu aikin sa kai, kuma idan ana son sanin abin da yake korar malamai daga aiki, dole a nemi waɗanda suka riga suka bari, domin ba za a same su a ofishin malamai ba.

Wasu abubuwan kuma ba na tambaya ba ne, na zuwa a gani ne. Yawan kujeru, ko rufin aji yana zuba, ko akwai makewayi da ruwa, duk waɗannan ido ya fi takarda. Haka ma rashin zuwa aiki, wanda ba adalci ba ne a ce mutum ya ba da shaida a kan kansa. Wani nazari da aka wallafa a 2006, wanda aka gina a kan ziyarar ba-zata a makarantun firamare na ƙasashe shida, ya tarar da kusan kashi 19 cikin ɗari na malamai ba sa nan a lokacin ziyarar, kashi 25 a Indiya, 27 a Yuganda. Babu takardar jin ra'ayi da za ta ba da wannan adadi. Abin da takarda take iya bayarwa, wanda ziyara ba ta bayarwa, shi ne dalili: nisan hanya, jinkirin albashi, aikin da hukuma take tura malami a lokacin darasi, ko rashin lafiya. A yi amfani da kowace hanya a inda ta fi ƙarfi. A kuma guji makon jarrabawa da makon farko na zango, da lokacin da ake tsakiyar takaddama da ƙungiyar malamai, sai dai idan yanayin wannan lokacin ne ake son aunawa.

Bayan an tattara amsoshi, matsakaici guda ɗaya yakan ɓoye abin da aka fita nema. Idan aka ce matsakaicin aji yana da ɗalibai 45, hakan zai iya nufin wasu azuzuwan 25 ne wasu 90. A rarraba sakamakon tsakanin birni da karkara, sababbin malamai da tsofaffi, firamare da sakandare, muddin rukunin bai ƙanƙance har a gane mutum ba. Gurbin da aka bari a ƙarshen takarda don malami ya rubuta abin da yake ransa kuwa, a karanta shi da gaske, domin sau da yawa a nan ne matsalar da ba wanda ya yi tunanin tambaya take fitowa, kuma kafin a ɗauko maganar wani a sa a rahoto a goge duk abin da zai nuna shi.

Kuskuren da ya fi damuna, kuma wanda yake lalata binciken da ba a ma yi ba tukuna, shi ne a karɓi amsoshin malamai a yi shiru. Malamin da ya cika takarda sau uku bai taɓa jin abin da aka samu ba, a karo na huɗu zai yi abin da malamin farkon wannan rubutu ya yi, kuma yana da hujja. Tun kafin a raba takarda ta farko a sa ranar da sakamako zai dawo, a kuma ware kuɗin yin hakan a cikin kasafin binciken. Shafi ɗaya ya wadatar ga kowace makaranta: ga abin da kuka faɗa, ga yadda yake idan an kwatanta da makarantu irin taku, ga abu biyu da za a gyara a wannan shekara da ofishin da zai ɗauki nauyinsu, ga kuma abin da ba za a iya yi ba yanzu tare da dalili. A karanta shi a taron malamai, a ba su dama su ce an fahimce su ko ba a fahimce su ba, sannan bayan shekara biyu a sake yin tambayoyin da lafazinsu na farko ba tare da canji ba, domin a ga ko abu biyun nan sun motsa.