Yadda Nake Gyara Gindin Taransifoma da Bakin Kwata

Sana'ata shuka furanni da gyaran bakin titi a nan Kumasi, kuma yawancin aikina tsakanin unguwannin Aboabo da Asawase yake. Ba abin da ke sosa mini rai idan ina tafe a ƙasa kamar gindin taransifoma. Can ake jibge bola, can awaki ke kwana, wani lokacin ma mai koko ta jingina teburinta da shingen. Garin da ake wa kirari da birnin lambuna bai dace da wannan ba. Ga yadda nake gyara irin wurin, ko matasan unguwa za su ɗauka.

Kafin ka taɓa diga, je ka yi gaisuwa. Fara da sarkin zango da wakilin unguwarku a majalisa, sannan ofishin kamfanin lantarki na ECG da na kamfanin ruwa na Ghana Water mafi kusa. Ka roƙa a turo wanda zai nuna maka inda waya da bututu suka bi ta ƙarƙashin ƙasa. Wayar da ke shiga taransifoman unguwa tana ɗauke da bolt 11,000, wata ma 33,000, ba a yi mata ganganci. Ko an nuna maka, ka riƙa haƙa a hankali. Da ka ci karo da leda mai launi ko jerin murafan siminti a kwance cikin rami, ajiye diga, waya ce a ƙasa.

Sai awo. Ƙa'idata ita ce mita 3 a ɓangaren da ma'aikata ke buɗe ƙofa ko kafa tsani, mita 1 a sauran ɓangarorin, kuma ba abin da zan zuba a nan sai tsakuwa. Tsakuwa tana danne ciyawa, ruwa yana nutsewa ta cikinta, kuma da hunturu babu busasshen ganyen da zai kama wuta. Shi ma taransifoman iska yake sha ya huce, kada ka toshe shi da shuka.

Hanyar masu ƙafa kada ta gaza mita ɗaya da rabi. Ni dai matar da ta ɗauko tire a ka, tana riƙe da hannun yaro, ita ce ma'aunina. In za ta wuce ba tare da ta sauka kan kwalta ba, mai keken guragu ma zai wuce, shi da dokar naƙasassu ta 2006 ta ba haƙƙin shiga wuraren jama'a.

Wajen daɓe na taɓa yin kuskuren da har yau nake tunawa. Na zuba kankare mai kauri a gaban wani masallaci, ya yi sumul, jama'a suka sa albarka. Ba a yi wata huɗu ba bututun da ke ƙasa ya fashe, dole aka farfasa shi da guduma, kuɗin da aka tara ranar Juma'a ya tafi. Tun daga nan bulon daɓe nake jerawa a kan yashi, a ɗaga a gyara a mayar. Murfin rami da na mitar ruwa kuwa a bar su a fili, daidai da daɓen, don kada tsoho ya yi tuntuɓe da asuba.

Yanzu shuka. Darbejiya, mangwaro da ceɗiya duk masu albarka ne, amma ba ƙarƙashin waya ba, ba kuma bakin kwata ba. Rassansu za su kai waya a zo a sare su, saiwar ceɗiya kuwa sai ta ɗaga daɓe ta tsaga bangon kwata. A kai su fili. Kusa da kayan wuta, bayan iyakar tsakuwa, lalle nake sawa ko ixora mai jan fure, ina aske su daidai ƙugu don mai tafiya da dare ya hango abin da ke bayansu. A bakin kwata mai gangare jema ce gwanata. Saiwarta ƙasa take nufa sak, tana riƙe ƙasar da ruwan Yuni ke kwashewa yana cika mana kwata da yashi. Ka jera ta tazarar tafin hannu, bayan 'yan watanni ta haɗe.

Ka yi dashe a farkon damina, wajen Afrilu, ko a ƙaramar damina ta Satumba. Kowane dashe a kewaye shi da gora ko ragar waya, in ba haka ba awakin maƙwabta sun samu kalaci. Ban-ruwan rani kuma, na saba roƙon ladan a ajiye bokiti inda ake alwala. Ruwan da ake tarawa daga asuba zuwa isha yana isar ɗan shingen lalle, yaro ɗaya ya zuba shi kullum bayan la'asar.