Yadda ake zama nas mai kula da lafiyar ma'aikata a asibitin soja

Kusan duk sabon nas ɗin da aka turo mana nan Abuja don ya koyi wannan aiki, da tunani ɗaya yake zuwa: za a ba shi teburi ya zauna, maras lafiya ya shigo, ya auna masa jini, ya rubuta a kati. Wannan aikin wodi ne, namu ba haka yake ba. Mutumin da muke kula da shi yau lafiyarsa ƙalau. Makaniki ne a garejin bariki, ko mai kunna janareta, ko sojan da ke koyar da harbi, ko mai wanki a cikin asibitin. Aikinsa ne ke cin jikinsa a hankali, mu kuma namu shi ne mu gano kafin ɓarnar ta yi nisa. Zan riƙa cewa "ka", amma ƙannena mata, har da ku nake, ku ne ma kuka fi yawa a cikinmu.

Bari in fara kawar da wani ruɗani. Masu bincike a intanet suna cin karo da tallan aikin "nas firaktishina" a asibitocin sojan Amurka, sai su zo suna tambayata inda ake sayen fom. A can wannan matsayi ne na wanda ya yi digiri na biyu ko na uku a jinya, yana duba maras lafiya da kansa, yana rubuta magani, kuma aikin gwamnatin tarayyarsu galibi na 'yan ƙasarsu ne. A nan gida hanyarmu daban ce, ita zan bayyana.

Takardu tukuna. Rajistarka da Hukumar Nas-nas da Ungozoma ta Ƙasa, NMCN, da lasisin da bai ƙare ba. Wannan ba sai na tsaya a kai ba. Bayan nan sai kwas na ƙwarewa a kan lafiyar ma'aikata, kuma makarantar da aka fi sani da shi tana Asibitin Koyarwa na UCH a Ibadan. Kada ka je kai tsaye daga makaranta. Ka fara yin shekara biyu a sashen haɗari da gaggawa, domin ranar da batir ya fashe wa wani a fuska a gareji, kai kaɗai ne a wurin, likita yana can nesa. Kuma kuɗin makaranta ba shi ne mai nauyi ba, haya da abinci da motar Abuja zuwa Ibadan su ne ke karya mutum. Idan kana aiki, ka karɓi izinin tafiya karatu da albashi a rubuce kafin ka hau mota. "Je ka, za mu gyara" na baki ya sa na ga wanda ya dawo ya tarar an tsayar masa da albashi.

Ƙofar shiga biyu ce. Ko ka sa kaki, ko ka shiga a farar hula. Mai son kaki da ke da digirin jinya na BNSc da takardar gama bautar ƙasa, hanyarsa DSSC ce, wato ɗaukar masu digiri kai tsaye a matsayin hafsoshi, wadda sojan ƙasa da na ruwa da na sama kowanne ke tallata tasa. Fom kyauta ne, a shafin rundunar ake cikawa, duk wanda ya ce ka kawo kuɗi zai sa sunanka ɓarawo ne. Za ka yi watanni kana horon soja, na ƙasa a Jaji, na ruwa a Onne, na sama a Kaduna. Amma ka san abin da ka sa hannu a kai: hafsa ne kai kafin komai, inda aka tura ka nan za ka, kuma ba wanda ya yi maka alkawarin sashen da kake so. Farar hula kuwa ma'aikacin Ma'aikatar Tsaro ne, albashinsa a tsarin albashin ma'aikatan lafiya na tarayya, CONHESS, yake, kuma ya fi daɗewa a wuri ɗaya. Ni a ganina wannan aiki ya fi dacewa da farar hula, saboda aiki ne na bin mutum shekara da shekaru. Wuraren aiki a Abuja akwai su: cibiyar lafiya ta Hedikwatar Tsaro a barikin Mogadishu da ke Asokoro, da asibitin sojan sama na 063. Manyan asibitocin da ake tura masu tsanani su ne irin asibitocin sojan ƙasa na 44 a Kaduna da na 68 a Yaba.

To, ka samu aiki. Satin farko kada ka zauna a ofis. Ka nemi izinin kwamanda, ka gai da samanja da girmamawa, domin shi ne zai buɗe maka kowace ƙofa ko ya rufe ta, sannan ka sa takalmi mai ƙarfi ka ɗauki littafi ka zaga. Gareji, ɗakin janareta, wurin walda, wurin cajin batir, kicin, wurin wanki, filin harbi, inda ake ƙona sharar asibiti. A kowane wuri ka rubuta mutum nawa ne, awa nawa suke yi, me suke shaƙa, me suke taɓawa, me suke ji. Ba ka da na'urar auna ƙara? Ka tsaya nisan hannu da mutum. Idan sai ka ɗaga murya sannan zai ji ka, ƙarar wurin ta kai desibel 85 (ma'aunin ƙarfin ƙara) ko ta wuce, wanda shi ne iyakar da kunne zai ɗauka na awa 8 a rana. Duk ƙarin desibel 3 yana raba wannan lokaci biyu: 88 awa 4 ke nan, 91 awa 2. Harbin bindiga kuwa yana wuce 140, guda ɗaya ma na iya yin lahani.

Nan ne zan daɗe, domin nan na taɓa yin kuskuren da har yau yake damuna: gwajin ji na farko.

Duk wanda zai fara aiki a wurin ƙara, dole a auna jinsa tun kafin ƙarar ta taɓa shi, a ajiye. Da wannan takarda ake gwada duk gwajin da zai biyo baya. Idan ita ta lalace, duk abin da aka ɗora a kanta ya lalace. A wani wuri da na taɓa aiki, mun samu aron na'urar gwajin ji na kwana uku kacal, ni kuma ina ɗokin in gama da kowa. Sai na sa aka riƙa turo mini masu janareta da makanikai da yamma, suna tashi daga aiki. Na auna su, na rubuta, na ajiye a fayil a matsayin jinsu na asali. Abin da ban lura da shi ba, kunnen da ya wuni cikin ƙara yakan gaji, jinsa ya ragu na ɗan lokaci, sai ya huta ya dawo. Wato na rubuta musu ji mafi muni fiye da na gaskiya. Bayan shekaru, wani dattijo daga cikinsu ya zo ya ce, "Malam nas, iyalina sun ce ba na jin sallama." Na sake auna shi, na ɗora a kan tsohuwar takarda, bambancin kaɗan ne, alhali jin mutumin ya tafi. Takardar da na rubuta da hannuna ita ta ɓoye asarar da ya yi, kuma da ita aka yi masa hukunci.

Saboda haka ga yadda ake yi. Mutum ya huta daga ƙara aƙalla awa 14 kafin gwaji. Ni safiyar Litinin kawai nake yarda da ita, kafin ya leƙa wurin aiki. Ka tambaye shi ko ya kwana kusa da janareta, ko ya je biki ya zauna gaban lasifika. Mai mura a ɗaga masa zuwa wani satin. Kafin ka sa masa abin sauraro, ka haska cikin kunnen da fitilar duba kunne, domin dauɗa kaɗai na iya toshe ji, a lokacin hunturu kuma da ƙura ta yi yawa za ka sha ganin haka. Ɗakin ya zama mafi shiru a ginin, a kashe fanka da na'urar sanyi, a rufe taga. Ka zaunar da shi yadda ba zai ga hannunka ba, domin soja yana son ya ci kowane gwaji, idan ya ga yatsanka ya motsa zai danna ko bai ji komai ba. Ka faɗa masa da Hausa ƙarara cewa wannan ba jarrabawar kora ba ce. Ka auna kowane kunne daban, daga sauti mai kauri zuwa siriri, wato daga 500 Hz zuwa 1000, 2000, 3000, 4000, 6000 har 8000. Masu gaggawa suna tsallake na saman, alhali a wajen 4000 ne lahanin ƙara yake fara nuna kansa, layin da ke kan takardar gwajin ya yi rami a wurin tun mutum bai san ya fara kurumcewa ba. Ka rubuta kwanan wata, da lambar na'urar, da ranar da aka daidaita ta, da awowin da ya huta. Ka sake gwajin duk shekara. Idan matsakaicin 2000 da 3000 da 4000 ya faɗi da desibel 10 ko fiye a kunne ɗaya, ka maimaita bayan ya huta, in ya tabbata ka tura shi wurin likitan kunne, ka kuma koma wurin aikinsa ka ga me ya canza.

Kwafi biyu nake yi, ɗaya a fayil, ɗaya a hannun mai shi. Ana yi wa soja canjin wurin aiki dare ɗaya, fayil kuma ba kullum yake bin sa ba.

Abin toshe kunne na soso ba shi da tsada, amma raba shi ba ya wadatarwa. Ka nuna wa kowa da hannunka: a murza shi ya sirance, a zagaya da ɗaya hannun ta bayan kai a ja kunnen sama, a tura, a riƙe har ya kumbura. A filin harbi da kusa da jirgi a haɗa shi da na rufe kunne gaba ɗaya. Auduga ba ta tare komai.

Sai batun sirri, wanda a bariki yake da wuya. Babban hafsa zai kira ka ya ce, "Me ke damun yaron nan?" Amsarka ita ce, "Ranka ya daɗe, zai iya aiki, amma a ɗauke shi daga ɗakin janareta na wata uku." Abin da zai iya da wanda ba zai iya ba, shi ne na kwamanda. Sunan cutar yana tsakanin mai ita da likita, idan kuma ana buƙatar ƙari, akwai kwamitin likitoci, can za a bi. Ranar da aka ji maganar mutum ɗaya ta fita daga bakinka, sauran za su daina zuwa.

Ragowar za ka koya a kan aiki. Ma'aikacin asibiti da allura ta soka, ya wanke da sabulu da ruwa, kada ya matse wurin, a fara masa maganin kariya daga HIV cikin awa 72, da wuri ya fi, ya sha kwana 28. Rigakafin ciwon hanta nau'in B allura uku ce, ta farko, bayan wata 1, bayan wata 6, kuma masu shara da masu wanki ake mantawa, ka fara da su. A watan Maris da Afrilu, in ana atisaye a zafin Abuja, wanda ya faɗi yana sambatu a fara sanyaya shi da ruwa nan take kafin a nemi mota. Masu batir da masu share filin harbi a riƙa duba dalma a jininsu.

Ka kuma san Dokar Biyan Diyya ga Ma'aikata ta 2010, wadda hukumar inshorar ma'aikata ta NSITF ke gudanarwa. Ba ta shafi mai kaki ba, shi tsarin rundunarsa yake bi, amma ta shafi farar hular da ke aiki da soja, har tana da sashe na musamman a kan lalacewar ji. Ma'aikaci ya sanar da wurin aikinsa cikin kwana 14, neman diyya kuma cikin shekara guda. Mafi yawansu ba su san da wannan ba, kai za ka faɗa musu, kai za ka taya su cika fom ɗin, kuma takardar gwajin farko ita za a fara tambayarka.