Yadda ake karanta tarihin Njamena da Kusuri a jikin allunan bakin hanya

Ka fito da sassafe, kafin rana ta yi zafi, da littafin rubutu da biro da katin shaidarka, domin idan za ka haye gadar Ngeli zuwa Kusuri ta Kamaru sai an tambaye ka takarda. Kusan duk rubutun da ke jikin allunan nan da Faransanci yake, wasu da Larabci a gefe, don haka in ba ka ji, ka tafi da ɗalibin da zai karanta maka. Kada ka ɗaga waya ka ɗauki hoto kusa da fadar shugaban ƙasa ko barikin soja. Ko a wani wurin ma, fara gaida mai gadi ka nemi izini.

Ni idan na tsaya gaban dutsen tunawa, abu na farko shi ne in kwafe rubutun baƙi da baƙi, ba na gyara komai. Sai in raba shekaru biyu da mutane ke yawan cakuɗawa: shekarar da abin ya faru da shekarar da aka kafa dutsen. Ta biyun ce ke gaya maka wanda ke magana.

Gwada wannan a wurin tunawa da Feliks Ebuwe da Janar Laklar a Njamena. Ebuwe shi ne gwamnan Chadi da ya bi bayan Janar De Gol ranar 26 ga Agusta 1940, lokacin da Jamus ta mamaye Faransa. Daga ƙasar nan Laklar ya ɗebi soja ya ratsa hamada, ya ci Kufra ta Libiya ranar 1 ga Maris 1941. Duk wannan gaskiya ne. To amma mafi yawan sojojin da suka yi wannan tafiya baƙaƙen fata ne, kuma mutum biyu ake tunawa. Shi ya sa nake barin rabin shafi babu komai a ƙarƙashin abin da na kwafa, in sa masa taken "waɗanda ba a ambata ba".

Sunan gari ma allo ne. Ranar 22 ga Afrilu 1900 aka gwabza a Kusuri, inda kogin Logon ya haɗu da Shari, tsakanin Faransawa da Rabe, wanda ya ci Barno a 1893 ya zauna a Dikwa. Rabe ya mutu a ranar, haka ma kwamandan Faransawa Lami. Ƙarshen watan Mayu na shekarar jami'in Faransa Emil Janti ya kafa sansani a tsallaken kogi ya sa masa For Lami, sunan da ya zauna har 1973 da Shugaba Tombalbaye ya mayar da shi Njamena. Mutum biyu suka faɗi rana ɗaya, ɗaya ya sami birni da sunansa, labarin ɗayan kuwa sai a bakin mutane.

Nan ne aikin yake da daɗi, nan ne kuma yake son haƙuri. Nemi bulaman unguwa, kai masa goro, ka ce, "Baba, na zo neman sani ne." Kada ka karanta masa abin da ka kwafo, kada ka jefa masa shekara a baki. Tambaye shi abin da kakanninsa suka ce game da zamanin Rabe, ka yi shiru. Wani zai ba ka labarin jarumin da ya tsaya wa Nasara, wani kuma, musamman cikin Kotoko da Barebari, labarin ƙone gari da kamun bayi zai ba ka. Rubuta duka biyun, kowanne da wanda ya faɗa da wanda ya ji daga gare shi. Ban yarda a zaɓi mai daɗin ji a zubar da ɗayan ba.

Mu Hausawa namu rabon a jikin dutse kaɗan ne, kuma abin yana damuna. Kakanninmu da yawa a ƙafa suka bi ta For Lami da Abeshe za su Makka, wasu guzuri ya ƙare suka zauna, daga nan zuriyarmu ta yaɗu. Hayatu ɗan Sa'idu, jikan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a Balda kusa da Marwa ya kafa zangonsa, ya auri 'yar Rabe, daga baya suka ɓata, aka kashe shi. Irin wannan sai ka tambayi limamai da tsofaffin mahauta da dillalan shanu.

In hali ya yi, ƙarasa Mora a arewacin Kamaru, inda Kyaftin fon Raben na Jamus ya maƙale a kan dutse a Yaƙin Duniya na Ɗaya, daga 1914 har Fabrairun 1916. Amma fara tambayar lafiyar hanya, kuma kada ka hau sai da ɗan gari.

Da ka dawo gida ka sake kwafe komai a daren, da kwanan wata da sunan unguwa, ka kuma kai wa bulaman kwafi ɗaya.