Darasi na 9: Idan Manhajar Sa Ido Ta Ƙi Aiki a Bayan Fage

A ofis, ko asibiti, ko makaranta mai kwamfutoci da yawa, akan ɗora manhaja ɗaya da za ta riƙa sa ido a kan sauran na'urori. Tana leƙa rauta (na'urar da ke rarraba intanet), da sabar (babbar kwamfutar da sauran ke dogaro da ita), da firinta, ta ga wadda ta mutu, wadda ma'ajiyarta ta cika, wadda ta yi nauyi, sannan ta aiko da gargaɗi. Daga cikin sanannunsu akwai Zabbix ta ƙasar Latbiya, da PRTG ta kamfanin Paessler na Jamus, da kuma Nagios.

Irin wannan manhaja ba ta da amfani idan sai wani ya zauna ya buɗe ta. A wurarenmu da wuta kan ɗauke cikin dare, janareta ya tashi, kwamfuta ta kunna kanta babu kowa a ofis, dole manhajar ta tashi da kanta. Shi ya sa ake ɗora ta a matsayin sabis, wato aikin da ke gudana a bayan fage tun kafin wani ya shigar da kalmar sirri.

To a nan ake cin karo da matsalar da wannan darasi ya ƙunsa. Kun buɗe manhajar da hannunku, komai lafiya lau. Kun mai da ita sabis, sai ta ƙi tashi, ko ta tashi amma ta ce ba ta ganin komai. Da yawa sukan goge ta su sake ɗorawa, su ɓata yini guda a banza. Manhajar ƙalau take, wanda take aiki da sunansa ne ya canja.

Da sunan wa take aiki?

Duk abin da ke gudana a Windows yana aiki ne da sunan wani asusu. Idan kun danna manhaja, ta ari sunanku da duk izininku. Idan ta koma sabis, wani asusun daban ne ya ɗauke ta. Kamar maigadi ne da aka bar wa gida da dare: ɗakin da aka ba shi makullinsa kaɗai zai buɗe, komai yawan makullan da ke aljihun maigida.

Ku danna maɓallin Windows tare da R, ku rubuta services.msc, ku nemo sunan manhajar, ku danna shi sau biyu, ku buɗe shafin Log On. A nan za ku ga asusun. Windows yana da guda uku na kansa. Local System ya fi kowa iko a cikin kwamfutar da yake zaune, amma idan ya fita zuwa wata na'ura, da sunan kwamfutar yake zuwa, ba da sunan mutum ba. Network Service ikonsa kaɗan ne a gida, shi ma da sunan kwamfutar yake fita. Local Service kuwa idan ya fita ba shi da suna sam, don haka kusan kowace na'ura za ta juya masa baya. Manhajar da aikinta shi ne leƙa wasu na'urori ba za ta yi nisa da wannan na ukun ba.

Idan ta ƙi tashi gaba ɗaya

Ku kula da lambar da ta fito a allo, ku rubuta ta a takarda. Lamba 1069 tana nufin asusun ya kasa shiga. Lamba 5 tana nufin ya shiga, amma an hana shi taɓa wani abu. Maganinsu ba ɗaya ba ne.

Don sanin dalilin 1069, ku buɗe eventvwr.msc, wato rajistar da Windows ke rubuta abubuwan da suka faru, ku shiga Windows Logs, sannan System. Idan kun ga lamba 7038, galibi kalmar sirri ce. Sabis yana riƙe da kalmar da aka rubuta masa tun ranar farko. In wani ya canja ta daga baya, ko wa'adinta ya ƙare, sabis bai da labari. A tsarin da Windows ke zuwa da shi, wa'adin kalmar sirri kwana 42 ne. Abin da ke rikita mutane shi ne manhajar takan ci gaba da gudana bayan wa'adin ya wuce, sai ranar da kwamfuta ta mutu ta sake kunnuwa sannan ta ƙi tashi. Sai a ɗora wa wuta laifi. Ku koma shafin Log On, ku sake rubuta sabuwar kalmar sau biyu. Ku duba kuma ko an kulle asusun, domin yawan gwaji da tsohuwar kalma kan jawo haka.

Idan 7041 kuka gani, kalmar daidai take, sai dai asusun ba shi da izinin shiga a matsayin sabis. Wannan izini ne na musamman, dabam da na zama a gaban allo. Ku buɗe secpol.msc, ku bi Local Policies zuwa User Rights Assignment, ku nemo Log on as a service, ku ƙara sunan asusun. Wannan taga babu ita a Windows Home. Idan kuma kun gyara, bayan awa ɗaya ko biyu abin ya dawo, to ofishinku yana ƙarƙashin sabar da ke rarraba dokoki ga duk kwamfutoci, kusan kowane minti 90 tana sake shimfiɗa nata a kan naku. Can za a gyara, sai ku sanar da mai kula da sabar.

Idan ta tashi amma ba ta gani

Wannan ya fi wuyar ganewa, domin a allo an rubuta tana gudana. Ga wani misali da ake yawan haɗuwa da shi. An gaya wa manhaja ta ajiye rahoto a Z:, wato wata folda da ke kan sabar wadda aka laƙaba wa harafi. Kuna buɗe kwamfuta kuna ganin Z: ɗin nan ƙuru-ƙuru, amma manhaja ta dage cewa babu shi. Gaskiyarta ce. Harafin na wanda ya shiga ya ƙirƙira shi ne, sabis ba ya ganinsa. Ku ba ta cikakken adireshi, kamar \\sabar\rahoto. Sannan ku danna dama a kan foldar, ku duba shafuka biyu, Sharing da Security. Izini biyu ne, kuma wanda ya fi tsauri a cikinsu shi ke aiki. Mutane sukan gyara ɗaya su manta ɗayan.

Kada kuma ku jira sabis ya fito muku da saƙo a allo. Tun daga Windows Vista, da ya fito kasuwa a 2007, an raba sabis da allon mai amfani. Ƙorafinsa yana cikin rajistar da muka buɗe ɗazu, ko a fayil ɗin rahoton manhajar kanta.

Idan bayanan wata kwamfutar ne ta kasa karantowa, a can kwamfutar za a ba da izini. Akwai rukunoni da aka tanada don haka, waɗanda za a saka asusun a ciki: Performance Monitor Users don ganin nauyin aiki, Event Log Readers don karanta rajista, Distributed COM Users don tambaya daga nesa.

Masu amfani da Linux a maimakon Windows, ku ma labarin ɗaya ne. Zabbix tana aiki da asusu mai suna zabbix. Ku rubuta sudo -u zabbix a gaban umarnin da ya gagara, za ku ga abin da ita take gani.

Gajeriyar hanyar da ba mu yarda da ita ba

Za ku haɗu da wanda zai ce, "Kai dai sa ta a asusun Administrator ka huta." Zai yi aiki nan take, ba musu. Amma manhajar sa ido tana magana da kowace na'ura a ofis, dare da rana. Duk wanda ya samu kafar shiga cikinta ya gaji duk ikon da kuka ba ta, har da goge bayanan marasa lafiya ko sakamakon ɗalibai. Haka ma sanya ta a asusun wani ma'aikaci: ranar da ya bar aiki aka rufe asusunsa, sa ido ya tsaya, kuma babu mai sani, domin mai ba da gargaɗin ne ya yi shiru.

Ku buɗe mata asusunta na kanta, da suna mai bayyana aikinsa, da doguwar kalmar sirri da aka adana a wuri amintacce. Ku ba shi izini ɗaya bayan ɗaya, kuna gwadawa bayan kowanne. Ofisoshin da ke da Windows Server 2012 ko wanda ya biyo baya suna iya amfani da asusun gMSA, wanda ke canja kalmar sirrinsa da kansa duk kwana 30 ba tare da sabis ya tsaya ba. Bayan kowane gyara, ku kashe kwamfutar ku kunna, kada kowa ya shiga, ku duba daga wata na'ura ko rahoto yana zuwa.

Aikin yi

1. Ku buɗe services.msc, ku zaɓi sabis uku, ku rubuta asusun da kowanne ke aiki da shi. Kada ku canja komai.
2. Sabis ya ƙi tashi, rajista ta nuna 7041. Wace taga za ku buɗe, kuma me za ku ƙara?
3. Manhaja ta ce ba ta ga Z: ba, alhali kuna ganinsa. Ku bayyana wa na kusa da ku dalili da bakinku.
4. Abokin aikinku ya sa manhajar sa ido a asusunsa na kansa. Ku faɗi matsala biyu da za su iya biyo baya.