Kafin ku sabunta intanet ɗin gida

Salamu alaikum ƴan uwa na Yamai. Duk wanda yarjejeniyar intanet ɗin gidansa ta kusa ƙarewa, don Allah kada ya bari sai ranar ƙarshe. Ku ɗauko takardar da kuka sa wa hannu, ku duba ko tana sabunta kanta in kun yi shiru, da kwana nawa ake so ku sanar kafin ku daina. A nan ne mutane ke rasa kuɗinsu.

Kafin ku je biro, ku tambayi farashin sauran kamfanoni: Niger Telecoms, Airtel, Moov Africa, Zamani. Amma farashi kaɗai bai isa ba. Ku tambayi maƙwabci wane ne ke kamawa a unguwarku, don abin da ke gudu a Plateau yana iya rarrafe a Talladje. In akwai ranakun da layi ya yanke muku, ku rubuta su, ku tafi da su. Ku ce wa ma'aikacin cikin ladabi: “Malam, ga abin da ake ba sabbin shiga, ni ma shi nake so, in ba haka ba zan daina.” Sau da yawa sai a sassauta.

In kun yanke shawarar dainawa, ku yi shi a rubuce, a buga muku hatimi a kwafinku. Akwatin wifi kuwa, in nasu ne, ku mayar da shi da cajarsa, ku karɓi takardar shaida, ku nemi kuɗin ajiyarku in kun bayar. In aka ci gaba da aiko muku takardar biya bayan haka, ku kai kuka ARCEP, hukumar da ke sa ido kan kamfanonin sadarwa.