Matakan Rage Kuɗin Ɗumama Ɗakin Haya Lokacin Hunturu a Katsina

Daga Disamba zuwa Fabrairu iskar hunturu tana kaɗowa Katsina daga arewa maso gabas, kuma a lokacin ne gawayi da wutar lantarki suke cin aljihun ɗan haya.

Mataki na farko shi ne toshe kafofin iska. A naɗe tsohon zane a sa a ƙarƙashin ƙofa, a cusa tsumma a gefen taga, sannan a rataya labule mai kauri. Wannan ba ya buƙatar izinin mai gida, tunda ba a taɓa gini ba.

Na biyu, a shimfiɗa darduma a kan siminti.

Na uku ya shafi mita. Hita mai wat 2000 tana cin yunit 2 a kowace awa, saboda haka a kunna ta na minti 30 kafin kwanciya, a kashe, a koma ga bargo. Ruwan alwalar asuba kuwa a dafa shi tun dare a zuba a filas.

Mai amfani da kaskon gawayi lallai ya fitar da shi waje kafin barci, domin iskar da garwashi yake fitarwa ba ta da wari, kuma tana kisa a rufaffen ɗaki.